Wanda Ke Sa Hannu Tare Da Ni

Kun dame ni da maganar hoto. Duk wadda ta leƙo ƙasan rubutuna sai ta ce in sa hotonsa ku gani. Ba ni da hotonsa. Ban taɓa ganin fuskarsa ba, ban taɓa jin muryarsa ba. Hannunsa na dama kawai na sani, daga wuyan hannu zuwa farce. Ku yi dariyarku, Yayana ma ya yi.

Ga waɗanda yau suka shigo, bari in taƙaita. Ni ce auta a gidanmu. Na yi shekaru a waje ina koyon haɗa ƙwaƙwalwar injuna, na dawo da akwati da takardar digiri da wani hali da Umma ke cewa na ƙanƙara ne. A bayan gidanmu akwai masana'antar da Abba ya rasu ya bari, inda ake buga farantai da murafan tukwane. Inji ɗaya ne ke riƙe da mu, babban injin matsa ƙarfe, kuma Yaya ne ke tsaye a gabansa tun safe. Ya tura faifan ƙarfe da hannu, ya janye, kan injin ya sauko da nauyin da zai iya shimfiɗe mota kamar tabarma. Abin da ke tsakanin kan injin da yatsun Yaya ba shi da yawa: wani siririn haske ne da ɗan allon lantarki. In hannu ya gitta hasken, allon ya ce wa inji tsaya.

Allon ya tsufa, ya fara mantuwa. Kamfanin da ya ƙera shi ba ya barin kowa ya leƙa cikinsa, sai dai ka kira wakilinsu. Wakilin nan kuwa shi ne ke neman aurena. Baffa, ƙanin Abba, ya riga ya gama tsara abin a ransa: Wakili ya shigo da sabon allo, ya fita da ni.

Na ce zan haɗa namu.

Akwai wata ƙungiya da nake ciki tun ina makaranta. Mutane ne a warwatse a duniya, suna zana ƙwaƙwalwar inji a fili, ita da manhajar da ke tafiyar da ita. Kowa na iya dubawa, kowa na iya gyarawa, kowa na iya ɗauka ya ƙera nasa. Ba a san juna da suna ba, sai da laƙabi. Amma muna da doka, kuma ba a wasa da ita. Gyara ba ya shiga sai mutum biyu sun sa hannu, wanda ya rubuta da wanda ya gwada. Wanda ya gwada kuma sai ya ɗora ɗan bidiyo: allo a kan teburinsa yana aiki, hannunsa a cikin hoton yana gitta hasken. Ba a son fuska. Ana so ne kawai a tabbata mutum mai jini ya gwada a kan ƙarfe na gaske.

Mai gwada nawa laƙabinsa Allura. Saƙon farko da ya turo mini ba sallama a ciki: “Injinki zai tsaya, amma sai ya gama cin yatsa. Duba inda kika sa shi jira.” Na duba, gaskiyarsa ne. Na ji haushi na yini guda, daga nan na fara jiran saƙonsa.

Kada ku zaci kalaman soyayya muke yi. Yakan ce in rage gaggawa. Yakan ce rubutuna tsaf yake kamar ɗakin da ba a zama a ciki, ni kuma in ce nasa kamar kasuwa bayan an tashi. Wata rana na ce masa a gida ana so a aurar da ni ga mai sayar da rufaffen allo. Ya ce, “Kar ki yarda da abin da ba za ki iya buɗewa ki duba ba.” Tun daga ranar nake ce wa Baffa ina da wanda nake so.

Allon namu ya kammala. Ni na rubuta, Allura ya gwada, mun sa hannu. Baffa ya ce to, ranar Litinin a ɗora a gani. In ya yi aiki, kuma wannan mai laƙabin ya zo ya gaishe mu kamar ɗan mutane, zai sallami Wakili. Ke nan Litinin da safe Yaya zai sa hannunsa a ƙarƙashin injin nan bisa shaidar mutum biyu, ni da wanda ban taɓa gani ba.

Ranar Asabar da hantsi Umma tana falo tana naɗe wanki, ta baje kaya a kan doguwar kujera, tabarau a ƙarshen hanci. Ina zaune a ƙasa da kwamfutata a cinya. Ba ta dube ni ba ta ce ita dai ba ta taɓa jin an auri laƙabi ba, ko kaza za a saya ai sai an ɗaga ta an ji nauyinta. Yaya na bakin ƙofa yana goge baƙin mai a yatsunsa, ya ce wataƙila tsoho ne mai haƙori uku, yana can yana shan magani yana rubuta mini “ki rage gaggawa”.

“'Yar waje,” in ji shi, “ki dai tambaye shi ko yana da ɗayan hannun.”

Don in rufe musu baki na buɗe bidiyon ƙarshe, na miƙa wa Umma wayar.

Na kalli bidiyon nan ba iyaka. Allo ne a kan tebur, ƙaramar fitila koriya tana ƙiftawa. Hannu ya shigo daga dama, dogayen yatsu, farce a yanke, baƙin agogo mai igiyar fata. Ya gitta hasken, fitilar ta koma ja. Ya janye, ta koma koriya. Ni abin da nake kallo ke nan kullum: saurin fitilar, sai kuma yatsun, ba zan ɓoye muku ba.

Umma ba ta kalli fitila ba. Ta ajiye zanen gadon da ke hannunta, ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce in tsayar. Ta kai wayar kusa da tabaraunta, ta daɗe.

“Auta, wannan labulen ni na ɗinka shi.”

A can gefen hoton akwai ɗan ɓangaren labule, ruwan ƙasa mai ratsin fari. Na ce mata irin yadin nan ya cika duniya, ni ma na gan shi a ɗakin haya a can inda na yi karatu. Ba ta yi musu ba. Ta sa farce a kan gefen teburin, inda wani baƙin tabo yake, mai siffar kan dutsen guga. Ta ce ita ta yi shi, shekarar da aka haife ni, ta je goge wa Abba riga a ɗakin aikinsa, na yi kuka, ta manta da dutsen a kan katako. Ta ce har ya rasu yana tsokanarta da shi.

Ɗakin aikin Abba yana sama da injin, ana hawa ta wata matakalar ƙarfe. A can ya faɗi, da rana tsaka, kansa a kan teburin. Tun da aka sauko da shi Umma ta sa kwaɗo a ƙofar matakalar, ta jefa makullin a ƙasan akwatinta. Lokacin ina waje, ban ma samu jana'iza ba.

Yaya ya daina goge hannu. Ya karɓi wayar ya duba, ya mayar mini.

Ni na yi tambayar, tunda ba wanda zai yi. Na ce ko hannun Abba ne.

Umma ta girgiza kai. Ta ce hannun Abba gajere ne, mai kauri, duk tabon ƙuna. Wannan hannun yaro ne, bai taɓa ɗaukar abin da ya fi cokali ba. Ta ce ba ta san shi ba. Sai ta ci gaba da naɗe wankinta, ta naɗe riga ɗaya ta warware ta sake naɗewa.

Ni ba mai tsoron inuwa ba ce. Na yi lissafi irin na mai hankali: ɗaki a gidanmu, ke nan wani ne da ke shiga gidanmu. Kuma da yamma Baffa ya shigo da Wakili.

Na sa doguwar riga ruwan toka da farin mayafi, ban shafa komai ba, Umma ta harare ni ban kula ba. Wakili ya zo cikin shuɗin yadi mai ƙyalli, turarensa ya riga shi shigowa falo. Ba mugun mutum ba ne, kada ku tsane shi. Yana dai da yawan magana, kuma duk maganarsa takan ƙare a kan kamfaninsu. Ya ce ya ji “ƙanwarsa”, wato ni, za ta gwada ɗan wasanta ranar Litinin, Allah ya ba da sa'a, amma allo irin nasu in ya lalace akwai ofishin da za a je a buga tebur. Nawa fa, wa za a kama? Baffa ya ce abin da yake faɗa ke nan.

Ni hannuwa nake kallo. Na zuba shayi ina bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman ɓarawo. Na Wakili kumbura-kumbura, zobe a yatsu biyu, agogon ƙarfe mai ruwan zinariya. Na Baffa ya yamutse, yana ɗan rawa in ya ɗaga kofi. Na Yaya na san shi, faffaɗa, farcen babban yatsa a fashe. Wakili ya lura ina kallon hannunsa, ya gyara zoben, ya yi murmushi. Allah sarki.

Duk da haka na gwada shi. Na jira ya riƙe kofi da hannu ɗaya, faranti da ɗayan, wayarsa a kife a kan tebur, na rubuta wa Allura a ƙarƙashin mayafina: “Ina kake?”

Amsa ta zo Wakili na tsakiyar kurɓa. “A bakin aiki.”

“A wane gari?”

“Ba a tambayar wannan a nan. Ke ma kin sani.”

“Za ka zo ka gaishe su?”

“Ki fara gama na Litinin.”

Baffa ya ce ga irin ta nan, ana yi mata magana tana latse-latse, tarbiyyar waje ke nan. Na ba shi haƙuri. Da suka tashi, Wakili ya tsaya a bakin ƙofa ya rage murya, ya ce shi ba ya gaggawa, kuma ko na ƙi shi, in bar shi ya kawo allon, don yana ganin Yaya kamar ɗan'uwansa. Ban san yana da irin wannan maganar ba. Na yi masa godiya.

Kafin rana ta faɗi na rubuta wa shugabar ƙungiyarmu, wata dattijuwa da ta fi kowa daɗewa a aikin. Na tambaye ta ko akwai wanda ya taɓa haɗuwa da Allura. Ta ce babu, amma ai ni ma ba wanda ya taɓa haɗuwa da ni. Doka hannu ta nema da allo, ba ta nemi fuska ba. Ta ce aikinsa ba shi da aibi, abu ɗaya ne kawai ta taɓa lura da shi: ba ya gwada gyaran kowa sai nawa. Na tambaye ta yaushe ya shigo. Ta faɗa mini. Makon da na dawo gida ne.

Lahadi ba a aiki. Da safe na shiga ɗakin Umma, kafin in buɗe baki na ga makullin a kan gado, ta riga ta fito da shi. Tana zaune ta ba ni baya tana taje kai. Ta ce in na shiga kar in taɓa wa Abba tabaraunsa, yana nan inda ya ajiye shi.

Yaya ya raka ni. Masana'anta in ba a aiki tana da wani irin shiru, kana jin takunka yana dawo maka daga rufin kwano. Injin na tsaye baki buɗe, farantan jiya a jere a gefensa. Kwaɗon matakala ya yi tsatsa har makulli ya ƙi juyawa, sai da Yaya ya ɗiga masa mai ya bubbuga shi da ƙotar guduma. Tsatsa ta zubo masa a tafin hannu, ya nuna mini.

“Kin gani? Ko ɓera bai bi ta nan ba.”

Ya ce kuma in sani, babu wuta a sama. Shi da kansa ya yanke layin a shekarar da rufin ya fara yoyo, ya nuna mini bakin igiyar a naɗe da baƙin salatif, tana lilo a jikin bango. Ya ce in je in gani da idona in huta, in sauko mu nemo mini miji mai kai da ƙafa.

Na ce ya zo mu hau tare. Ya dubi matakalar, ya ce shi ya sauko da Abba ta nan a kafaɗarsa, bai ƙara hawa ba, kuma ba yau zai fara ba. Zai jira ni a ƙasa.

Na tattare rigata, wata koriya mai ɗinkin baƙin zare a ƙasa, na hau. Kowane taki na bari sawun silifas ɗina a cikin ƙura. Babu sawun kowa a gabana.

Ƙofar ɗakin ba ta da kwaɗo. Na tura.

Labulen na nan, ruwan ƙasa mai ratsin fari, rana na shigowa ta gefensa. Ƙura ta rufe komai: kantar littattafai, akwatin kayan aiki, tabaraun Abba a kan taga, hular da ya rataye a ƙusa. Kujerarsa na gaban tebur, a ɗan janye, ƙurar da ke kanta lumui, ba wanda ya zauna. Na danna makunnin fitilar bango, ba ta kawo ba.

Amma ɗakin na warin dalma. Duk wanda ya taɓa haɗa allo ya san warin nan, kuma ya san ba ya kwana.

A tsakiyar teburin, kusa da tabon dutsen guga, akwai wuri mai faɗin faranti da aka share tas. Allo na kai. Zanena ne, na san shi kamar tafin hannuna, har da ɗan canjin da na tura ranar Juma'a, wanda ni kaina ban gama haɗa shi a nawa ba. An yi aikin da tsafta fiye da yadda zan iya. Igiyarsa ta tafi ta shiga soket ɗin da Yaya ya yanke wa wuta. Fitila koriya tana ƙiftawa.

Na kai bayan hannuna kusa da ƙarfen narka dalma da ke gefen allon. Da zafinsa.

Zan faɗa muku abin da na yi tunani, ko da za ku ce ba ni da zuciya. Ban tuna aure ba, ban tuna ko aljani ne ko mutum ba. Yatsun Yaya na tuna. Doka ta ce mutum biyu, don in ɗaya ya yi kuskure ɗayan ya gani. Ni kuwa ban san ko mu biyu ne ba. Allon na iya zama daidai, duk gwajin da na yi ya ce daidai yake. Amma wanda ya ce mini “na gwada, ya yi” ba ya barin sawu a ƙura, kuma ba zan tura ɗan'uwana ƙarƙashin ƙarfe da shaidar da ba zan iya cewa ga mai ita ba.

Na san abin da zai biyo baya. Ba allo ranar Litinin, ke nan Baffa ya yi gaskiya, ke nan Wakili da zobbansa. Na fito da waya a tsaye a wurin, na shiga dandalin ƙungiya, na janye sa hannuna. Gyaran ya koma ja, saura sunan Allura shi kaɗai a ƙasa. Na rubuta wa Yaya: “Ba za a kunna da nawa gobe ba. Ka kira Wakili.” Na ji ƙarar wayarsa a can ƙasa, na ji ya kira ni, 'yar waje, lafiya? Na ce lafiya, ina zuwa.

Wayar ta motsa a hannuna.

“Me ya sa kika janye? Yana aiki. Duba.”

Da bidiyo a ƙasan saƙon, sabo, lokacin da ke jikinsa na yanzu ne. Na buɗe. Teburin ne, allon ne. Yatsun suka shigo daga dama suka gitta hasken, fitilar ta koma ja. Na ɗaga ido daga wayar. A gabana, a kan tebur, ba abin da ya gitta komai, fitilar ta koma ja.

Na mayar da ido kan bidiyon. An ɗauke shi ne daga kan kujera, daidai tsayin mutumin da ke zaune. Hoton ya fi na kullum duhu. A gefensa na hagu, tsakanin tebur da taga, akwai ƙasan wata koriyar riga mai ɗinkin baƙin zare, da yatsun ƙafa a cikin silifas.

Wani saƙon ya shigo.

“Ki ɗan matsa. Kin tare mini haske.”

Na matsa.